Baba Mai Reza Ya Ajiye Guduma

Ƙarfe bakwai saura kwata na safe, kafin masu shara su gama da barandar ƙasa, za ka ji ƙarar sarƙa yana ɗaure kekensa a jikin bututun ruwan da ke bayan ginin. Shekara talatin da huɗu ke nan bututun nan yana riƙon keken, har fenti ya ɗaye a daidai inda sarƙar ke gogarsa. Daga nan sai ya sauka matakala takwas zuwa ɗakin gwaji, wanda aka cusa can ƙarƙashin ginin sashen injiniya na jami'ar, kamar abin da ake jin kunyar baƙi su gani. Ya buɗe ƙofa, ya buɗe tagogin sama guda biyu don warin gam ya fita, ya rataye rigarsa ta gida a ƙusa, ya saka ta aiki mai ruwan ƙasa, wadda aljihunta na hagu ya daɗe da zama gidan fensir. Kafin ya taɓa komai sai ya duba 'yar na'urar da ke nuna danshin ɗakin, ya rubuta abin da ya gani a littafi. Sannan ya buɗe tanderun lantarki, ya ɗebo zaren ramar da ya kwana a ciki, ya murza shi kusa da kunne, ya saurara. In zaren ya yi ƙarar bushewa, to ranar akwai aiki. In bai yi ba, ko da wa ka zo sai ka jira.

Sunansa na yanka yana kwance a fayil ɗin ofis, babu mai tada shi. Ɗalibai ne suka laƙaba masa Baba Mai Reza tun gashinsa yana baƙi, sunan kuma ya bi shi har malamai da masu gadi suka ɗauka. Ba farfesa ba ne, ba dakta ba ne, ma'aikacin ɗakin gwaji ne kawai, irin waɗanda ake yi wa godiya da layi ɗaya a shafin da ba mai karantawa, can ƙasan sunayen iyaye da abokai. Ƙarshen makon jiya ya yi ritaya. An yi masa 'yar walima a ofishin sashe, an yi jawabai, an ba shi agogon bango. Agogo, ga mutumin da bai taɓa makara ba sai a ranar! Dalilin makarar tasa, da sauran abubuwan da masu jawabi ba su faɗa ba, su ne suka sa aka ɗauko alƙalami yau.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin ba zai so ya san me ake yi a ciki. Zaren tsiro ake kawowa, na rama, na ɓawon kwakwa, na itacen ayaba, a wanke, a busar, a shimfiɗa a mazubi, a kwarara masa ruwan roba mai daskarewa wanda 'yan ɗakin ke kira gam. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai a ɓamɓaro allo mai tauri marar nauyi, wanda za a iya yin kujera da shi, ko murfin inji, ko wani sashe na jikin mota. Wani lokaci a haɗa ramar da zaren gilashi don kowanne ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Malamai suna da dogon suna da suke kiran wannan, Baba kuwa haɗin gambiza yake ce masa. To amma tauri kaɗai bai isa ba. Abin da ake son sani shi ne, ranar da allon ya sami 'yar tsaga, kuma babu abin da ba ya samu, yaya zai jure kafin tsagar ta ruga ta raba shi biyu?

Baba yana da tsummoki a aljihun tebur don sababbin ɗalibai. Zai miƙa wa ƙaton ajin guda ya ce, "Yaga min." Saurayi ya ja, ya yi nishi, jijiyar wuya ta tashi, tsumma ya ƙi. Baba ya karɓa, ya ɗan tsaga bakinsa da reza, ya miƙa wa wadda ta fi kowa ƙaramin jiki. Ta ja kaɗan, ɓarrr, ya rabu biyu. Aji ya kwashe da dariya, ƙato ya sosa ƙeya. Sai Baba ya ce, "Kun gani? Mu a nan ba ƙarfin mai lafiya muke aunawa ba. Tambayar abu muke yi yadda zai yi ranar da ya ji rauni."

Don haka kowane samfur, wato ɗan yankin allon da bai wuce tsawon tafin hannu ba, sai an ji masa rauni da gangan kafin a gwada shi. Zarto ne ke fara buɗe masa baki a tsakiya. Amma bakin da zarto ya buɗe mai faɗi ne, ƙasansa a dakushe, tsagar gaske kuwa siririya ce kamar gashi. A nan aikin Baba yake. Zai ɗaure samfurin a abin matsi, ya ɓare sabuwar reza daga takardarta, ya zaunar da ita a ƙasan bakin, ya riƙe numfashi, ya buga ta da wata 'yar guduma mai ƙotar katako, sau ɗaya tak. In bugun ya yi sanyi, ba a yi komai ba. In ya yi yawa, samfur ya tafi. In rezar ta karkace ko da kaɗan ne, tsagar za ta shiga a karkace, duk lissafin da ya biyo baya ya zama ƙarya mai kama da gaskiya. Reza ɗaya samfur ɗaya yake yi, ba ya maimaita ta, tsofaffin kuma suna nan a gwangwanayen madara da suka cika kanta guda. Bayan haka sai a ɗora samfurin a inji, inji ya danna shi a hankali har ya karye, kwamfuta ta fitar da lamba. Lambar ce ke shiga littattafai, ita ake tafa wa a taro, a lokacin shi yana can ƙasa yana share tebur.

Karyayyun samfura ma ba ya yarda a zubar. Kowanne sai ya duba fuskar karayarsa, ya ɗaura masa 'yar takarda mai kwanan wata, ya jera a aljihun tebur. Wani tsohon ɗalibi ya taɓa dawowa a gigice bayan shekara goma sha biyar, an zarge shi a wurin aikinsa cewa ƙirƙirar lambobinsa ya yi. Baba bai ko tambaye shi lafiya ba, ya tambaye shi shekarar da ya gama, ya ja aljihu na huɗu, ya zaro masa karyayyunsa ashirin cif, kowanne da takardarsa. Mutumin ya zauna a ƙasa da kwat ɗinsa yana ta godiya. Baba ya ce in ya gama da su ya dawo masa da su.

Ba mai yawan magana ba ne, yabo kuwa ba ya cikin kayan aikinsa. In ɗalibi ya kawo aiki, zai sa shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya duba, ya ƙara dubawa, in bai yi ba ya ce, "Sake." Kalma ɗaya, ba faɗa, ba bayani sai ka tambaya. In kuwa ya yi, ba zai ce ya yi ba, sai dai ya ajiye shi a gefe ya ce, "Kawo na gaba." Akwai manyan injiniyoyi a yau, masu tumbi da direba, da in ka ce musu "sake" da irin muryarsa sai ka ga sun gyara zama. A kan zubi da yanka da awo, wasu sun ci sa'ar jin kalma ta biyu. A kan reza kuwa babu wanda ya taɓa jin ta. Kowa ya gwada kwana biyu sai ya gaji ya bar masa, shi kuma bai taɓa kiran kowa ya dawo ba.

Wadda ta fi kowa sanin ɗacin "sake" ita ce malamar da ke shugabantar ɗakin yanzu. Yau Dakta ake ce mata, amma shekara goma sha ɗaya da suka wuce ɗaliba ce mai neman digiri na uku, kullum rungume da damin rama har ba a ganin fuskarta, shi ya sa Baba ya sa mata 'Yar Rama. Burinta ba ƙarami ba ne. Akwai wani shago a bayan asibiti inda ake haɗa wa waɗanda suka rasa ƙafa ƙafar roba, kuma kwarmin da dungun ƙafar ke shiga da kayan waje ake yin sa, ba kowa ke samu ba. Ita kuwa so take a yi kwarmin da rama da zaren gilashi. Mai shagon ya ce ya yarda, in dai ta kawo masa lambar da ta nuna abin ba zai tsage da mutum a kai ba.

A lokacin shekara uku ke nan tana wannan aiki. Sai aka yi rashin sa'a, lokacin gwajinta ya zo daidai da hutun da Baba ke ɗauka duk shekara. Ta ga ba za ta iya jira ba, saura mako biyar ta tsaya gaban masu jarrabawa. Ta samo zarto mafi siriri, ta buɗe bakin samfur sittin da kanta, ta ce ai wannan ma ya isa, ta ɗora a inji. Lambar da ta fito ta ninka duk wadda aka taɓa samu a ɗakin. Farfesan da ke kula da aikinta har ƙasa ya sauko, abin da ba ya yi sai in an zo da baƙi, ya sa aka rubuta wa mai shago takarda cewa ya fara aiki.

Ran Litinin Baba ya dawo. Ta tare shi a matakala da takarda a hannu, baki har kunne.

"Baba, zo ka ga abin da ramarmu ta yi!"

Ya karɓi takardar, ya dubi lambar, ya mayar mata. "Ina karyayyun?"

"Suna cikin kwali."

"Kawo."

Ya sa guda a madubi, ya sa na biyu, ya sa na uku. Sannan ya ɗago ya dube ta. Ita da bakinta ta ce a ranar ta ga tausayi ƙarara a idonsa, amma maganar ba ta canja ba.

"Sake."

"Wanne, Baba?"

"Duka."

Ta zauna a kan kwalin. "Baba, sittin ne fa. Saura sati huɗu. Don Allah ka dube ni."

"Ina dubanki, 'yata. Reza ba ta shiga nan ba. Kin yi wa allon nan tambaya mai sauƙi, ya ba ki amsa mai daɗi. Wanda zai saka ƙafar nan ba a kan takarda zai taka ta ba. Zai yi tuntuɓe, za ta karce, za ta sami tsaga irin ta gaske. Ranar me za ki ce masa?"

Ta fashe da kuka, ta gaya masa maganar da har yau take jin kunyar tunawa, cewa shi da ko digiri ɗaya ba shi da shi, don me zai rusa mata na uku. Baba ya zuba karyayyu uku a aljihu, ya hau bene hawa biyu zuwa ofishin Farfesa. Sakatariyar ofishin ta ce ta ji Farfesa ya ɗaga murya, yana cewa takarda ta riga ta tafi da sa hannunsa. Ta kuma ji amsar Baba, a hankali kamar mai gaisuwa: "Yallaɓai, hannunka ne, kai ke da iko da shi. Ni dai a littafin ɗakina ba zan rubuta an yi gwajin nan ba, don ba a yi ba." Ya jera karyayyun kusa da kofin shayin Farfesa, ya fito. Kafin a tashi aiki aka aika a karɓo takardar.

Kwana uku 'Yar Rama ba ta zo ba. A na huɗu ta sauko da ido a kumbure, ta tarar ya riga ya jiƙa sabuwar rama, ya goge mazubi, ya jawo mata kujera. Ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, ya ce, "Miƙo min sodar jiƙa rama." Maganar ta ƙare a nan. Aka sake zubi, ya tsaga su da reza, aka gwada. Lambar gaskiya ta fito rabin ta farko, ba ta kai abin da mai shago ke buƙata ba. 'Yar Rama ta ce shi ke nan, aiki ya mutu. Baba kuwa yana kan madubi. Ya kira ta ta leƙa, ta ga zaren ramar ya zare daga cikin gam sumul, ko ɗigo bai manne masa ba, ya bar ramuka fayau.

"Ba su shaƙu ba," in ji shi. "Ramarki da sauran danshi, gam kuwa ba ya shiri da ruwa. In suka riƙe juna, tsaga za ta zo ta tarar da zare a tsaye a hanyarta, sai ta yi ta fama."

Suka gyara yadda ake jiƙa ramar a ruwan soda, suka ƙara mata kwana a tanderu, suka sa gilashi a waje rama a ciki. A karo na uku, da inji ya danna, samfurin bai yi ƙas lokaci ɗaya kamar da ba. Sai ya riƙa ƙara a hankali, zare yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, abu ya ƙi rabuwa. Baba ya karkata kunne ya saurara har ƙarshe, sannan ya miƙa hannu ya ce a kawo na gaba.

Mako biyar ɗin nan sai da ya zama wata takwas. Abokan karatunta suka gama suka bar ta. Amma lambar da ta kai wa mai shago lamba ce da ba ta tsoron kowa ya sake gwadawa, kuma har yau da ita ake aiki. Mai shagon ya ce akwai wani magini da ke hawa tsani da irin ƙafar nan shekara tara ke nan, sau ɗaya ya taɓa dawowa, shi ma maɗauri ne ya tsinke. Maginin bai san akwai wani Baba Mai Reza a duniya ba.

Kai ne, Baba, aka goranta wa rashin digiri, ka mayar da martani da goge mazubi. Kai ne ka hau bene da rigar aiki mai tabon gam, ka gaya wa mai babbar kujera abin da ba ya son ji, ba ka ɗaga murya ba, ba ka kuma sauko da maganarka ba. Mai bugu ɗaya, gwanin da ba ya jiran tafi! Sunanka bai hau bangon littafi ko ɗaya ba, amma littattafai nawa ne a sashen nan da za su tsaya in aka zare hannunka daga cikinsu?

Da a nan labarin ya tsaya, da wani ya ce ai gaya wa mutane gaskiya ba wuya. Wata huɗu kafin ritayarsa, sai gaskiyar ta biyo shi har gida.

Matarsa ce ta fara lura. Da safe yana motsa shayi, ta ji cokali yana ta buga kofi alhali ya daina motsawa. Shekara arba'in tana ba shi shayi, ba ta taɓa jin wannan ƙarar ba.

"Baban yara, miƙo hannunka in gani."

"Me za ki gani? Hannu ne, yatsu biyar."

"Ni za ka yi wa wayo? Miƙo."

Ya miƙa na hagu. Ta ce ɗayan. Ya miƙa na dama, yatsun suna rawa kaɗan-kaɗan. Ya ce sanyi ne.

"A wannan zafin? Kai da kake sa 'ya'yan mutane kuka da 'sake', yau ga ranarka." Da wasa ta faɗa, amma ta juya baya tana gyara kwanukan da ba su buƙatar gyara, don kada ya ga idonta.

Likita ya ce ba ciwon kisa ba ne, shekaru ne, magani zai rage amma ba zai hana ba. Baba ya ji, ya ce a ransa saura wata huɗu, zai lallaɓa. Wannan ce kaɗai ƙaryar da aka san ya yi a aikinsa, kuma kansa ya yi wa. A makon ya tsaga samfur goma sha biyu na wani ɗalibin Dakta, yana fakon lokacin da hannun ya lafa kafin ya buga. Aka gwada, lambobi suka fito, ba wanda ya ga wani abu. Amma shi ya kwashi karyayyun kamar yadda ya saba, ya sa a madubi. Biyar daga ciki tsagar ta shiga a karkace. Kaɗan ne, irin wanda in ba shi ba babu mai lura.

Ya daɗe zaune a gaban madubin. Tsoro ya kama shi, ba na ciwon ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne duk ginin nan babu hannu na biyu. Shekara da shekaru yana cewa zai koya wa wani, ɗalibai suna zuwa suna wucewa, shi kuma, in za a faɗi gaskiya, yana jin daɗin cewa shi kaɗai ya iya. An sha rubuta takardar neman injin da ke yin irin tsagar nan, ba a kawo ba. In ya tafi a haka za a koma kan zarto, lambobi su yi ta kyau, wata rana wani abu ya tsage da mutum a kai.

Ya zuba karyayyun a aljihu, ya hau bene zuwa ofishin da yanzu ya zama na Dakta.

"Baba! Ai da ka aiko na sauko."

Ya jera biyar ɗin a kan tebur. "Waɗannan a sake su. Har da sauran bakwan."

"Wa ya tsaga su?"

"Ni." Ya ɗora hannunsa na dama a kan teburin, a buɗe, ya bar ta ta gani.

Ta ɗauki guda ta juya shi a haske. "Baba, wannan ai ɗan kaɗan ne. Babu wanda zai..."

"'Yar Rama."

Shekara goma rabon da ya kira ta da sunan nan. Ta ajiye samfurin, ta sunkuyar da kai.

"Laifina biyu ne," in ji shi. "Na buga da hannun da na san ba shi da lafiya. Kuma na riƙe abin nan ni kaɗai har ya zo ƙarewa a hannuna. Ki ba ni mutum guda wanda ba zai gama karatu ya tafi ba."

"Ga ni."

"Ke? Da aji, da taro, da yara uku? Hannunki ai na alli ne."

"Ƙarfe nawa kake buɗewa, Baba?"

"Bakwai saura kwata."

"To, mu haɗu a matakala."

Ta kuwa zo. Shugabar ɗaki, mai ofis da sakatariya, ta koma zama a kan gajeriyar kujera, gwiwa na taɓa tebur. Ya hana ta taɓa samfur na gaske, ya tara mata guntayen allo. Makon farko duk ta farfasa su. A na biyu tsoro ya shige ta, ta koma shafa rezar maimakon bugu. Ya ce mata guduma ba daga kafaɗa take saukowa ba, daga wuyan hannu, ta bar nauyinta ya yi aikin. Tunda ba ya iya nuna mata da hannunsa, sai ya riƙa rufe ido yana sauraron bugun, ya ce "sake" tun kafin ya leƙa madubi. Ta cika gwangwanin madara biyu da reza. Ta yanke a babban yatsa sau uku, ta riƙa shiga aji da filasta, ɗalibai suna ƙus-ƙus. Duk gwajin tsaga a ɗakin ya tsaya cik, ɗalibin nan mai samfur goma sha biyu yana jira kamar yadda ita ma ta taɓa jira, kwanaki kuma suna ta ƙarewa.

Wata safiya abin ya ishe ta, ta yar da gudumar a kan tebur. "Baba, ko dai ka manta da ɗayar kalmar ce?"

Ya ɗauki gudumar, ya goge ta da gefen rigarsa, ya miƙa mata ta wajen ƙota. "Ban manta ba. Tana nan a ajiye."

Ranar ƙarshe, an sa walima ƙarfe goma. Suka haɗu a matakala kamar kullum. Matarsa ta biyo shi da wuri cikin kwalliya, karo na farko ke nan da ta ga ɗakin da ya cinye mata rabin miji, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Dama nan ne? Na zaci fada ce." Aka ba ta kujera a bakin ƙofa. Wannan karon Baba bai je wajen guntaye ba. Ya ɗauko samfur na gaske, daga cikin waɗanda aka sake zuba wa ɗalibin, ya ajiye a gaban Dakta.

Ta ɗaure shi. Ta ɓare reza, ta zaunar da ita, ta riƙe numfashi, ta buga. Idon Baba a rufe, "sake" bai fito daga bakinsa ba. Aka ɗora a inji, ya yi ƙararsa ya karye, ta kwaso gutsuren biyu ta miƙa masa. Hannunsa yana rawa har ya kasa daidaita samfurin a ƙarƙashin madubi, ta sa nata ta riƙe masa. Ya duba, ya ƙara dubawa. Matarsa ta ce tsawon lokacin har ta fara addu'a ba ta san me take roƙo ba. Ya ɗago, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Sannan ya ajiye samfurin a gefe.

"Kawo na gaba."

Dakta ta ce wannan ne kuka na biyu da ta yi a ɗakin nan, kuma bai bar ta ta gama ba, ya turo mata reza. Ta tsaga goma sha biyun duka, ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Sau biyu ana aikowa daga sama cewa an hallara. Sai kusan ƙarfe goma sha ɗaya suka hau, Farfesa yana ta duban agogonsa, matar Baba tana bayansa tana cewa, "Yau dai na ga ranar da ka makara."

Baba, mun gode. Mun gode a madadin ɗaliban da ka sa kuka sannan ka tsaya tare da su har aikinsu ya miƙe, da maginin da ke kan tsani bai san ka ba, da duk wanda ya jingina da abin da aka gwada a ɗakin nan ya tashi lafiya. Allah ya ba ka lafiya, ya kwantar da hannun nan da ya daɗe yana yi mana aiki, ya sa ka ci moriyar hutunka, ko da yake matarka ta ce tun ran Asabar ka fara duba ƙafafun kujerun gida.

Ku kuma masu karatu, babu ma'aikatar da ba ta da irin ɗakin nan na ƙasa da irin mutumin nan a ciki. Ku sauka matakala ku gaishe shi tun yana nan. In aiki ya zo hannunku, ku duba karyayyun kafin ku yi murna da lamba, ko da naku ne. Akwai kuma saƙo guda da Baba da kansa ya ce a rubuta, ya ce in ba za a sa shi ba a bar rubutun duka: duk wanda ya iya wani abu shi kaɗai, kada ya jira sai hannunsa ya fara rawa kafin ya koyar. Ya ce shi ya jira, kuma saura kaɗan ya makara da gaske.

Ran Litinin, bakwai saura kwata, babu keke a jikin bututun. Amma tagogin sama guda biyu a buɗe suke, kuma mai sharar baranda ta ce tana wucewa ta ji bugun guduma daga ƙasa, sau ɗaya tak.